Ƙofar wa ake ƙwanƙwasawa? Kamfen gida-gida da launin fata a zaɓen Amurka

A ranakun Asabar da Lahadi na watan Oktoban shekarar zaɓe, ofisoshin kamfe na unguwanni a jihohin Amurka da ake kankankan cika suke yi tun da hantsi. Yawanci shago ne aka kama haya na 'yan watanni, ko garejin wani magoyin baya. Wanda ya zo a rubuta sunansa, a yi masa bita ta minti 15 ko 20, a haɗa shi da abokin tafiya, a miƙa masa damin takardun ɗan takara da wata lamba da zai shigar a manhajar wayarsa. Lambar ce ke buɗe masa kasonsa: taswirar layuka uku ko huɗu, da ɗigo a kan gidaje 40 zuwa 60. Zai ƙwanƙwasa gida mai lamba 12, ya tsallake 14 da 16, ya tsaya a 18. Sabon ɗan sa-kai yakan zaci gida-gida na nufin kowane gida, alhali makonni kafin ya zo an riga an tace gidajen a kwamfuta. Wanda ke son gane yadda launin fata ke shiga wannan aiki, daga tsallaken nan ya kamata ya fara.

Rajistar masu zaɓe a Amurka tana hannun jihohi, kuma jam'iyyu da 'yan takara suna da ikon karɓar kwafinta. A ciki akwai suna, adireshi, shekaru, a jihohi da yawa har da jam'iyyar da mutum ya rubuta lokacin rajista, sannan jerin zaɓukan da ya fito. Wanda ya zaɓa sirri ne, amma fitowarsa ko rashinta a rubuce take. Jam'iyyar Democrat na ajiye wannan a rumbun da ake kira VAN, 'yan sa-kanta kuma na yawo da manhajar MiniVAN. Ɓangaren Republican na da nasu, irin su i360. Kowane mutum ana ba shi maki biyu daga 0 zuwa 100. Na farko, yiwuwar ya goyi bayanmu. Na biyu, yiwuwar ya fito ranar zaɓe. Wanda makinsa na farko ya yi ƙasa, na abokan hamayya ne, ba a ɓata takalmi a kansa. Wanda duka biyun suka yi sama, namu ne kuma zai fito da kansa, sai dai a roƙe shi ya shigo aikin sa-kai. Saura kashi biyu: namu mai nawar fita, wanda za a je a zaburar, da mai fita kullum amma ba a san inda ya karkata ba, wanda za a je a lallasa.

Babu abin da ke ɗaga makin farko ko ya dusashe shi kamar launin fata. Tun daga 1964, kusan 9 cikin kowane 10 na baƙaƙen fata da ke kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa Democrat suke zaɓa. A wasu jihohin kudu, irin su Jojiya, Filorida, Luwiziyana, Alabama da Karolina ta Arewa da ta Kudu, takardar rajistar ma tana da gurbin da mutum zai nuna jinsinsa, don haka kamfe na samun bayanin kai tsaye. A sauran jihohi hasashe ake yi, a haɗa sunan dangi da unguwar da mutum ke zaune. Hukumar ƙidaya ta fitar da jerin sunayen dangi da kason kowane jinsi a cikinsu. Masu sunan Washington kusan kashi 90 cikin 100 baƙaƙe ne. Garcia da Hernandez na nuna asalin Latin Amurka, Nguyen na nuna Biyetnam. Amma Smith, Johnson, Williams da Brown, sunayen da bayi da yawa suka fita da su daga gonakin iyayengijinsu, farare da baƙaƙe duk suna amsa su. A nan sai unguwa ta raba gardama, kuma tana iya rabawa ne saboda har yau matsugunan biranen Amurka a ware suke, gadon shekarun da bankuna da dokokin filaye suka hana baƙaƙe sayen gida a wasu unguwanni.

Kurakuran hasashen sanannu ne. Iyalin baƙar fata da suka samu rufin asiri suka koma unguwar fararen fata a bayan gari, kwamfuta na ɗaukarsu farare. Mace ta auri Garcia ta ɗauki sunansa, a yi ta aiko mata takardu da Sifaniyanci. 'Yan asalin Filifin da yawa na da sunayen Sifaniya. Larabawa kuwa, a hukumance fararen fata ake lissafa su, sai a watan Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta amince a ware wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbin.

Amma ɓarnar da ta fi kuskuren suna girma tana cikin maki na biyu. Wanda bai fito zaɓe biyu ko uku ba, makinsa na fita ya faɗi, shugaban ofis da ke da 'yan sa-kai ƙalilan ya cire shi daga jeri don kada a yi asarar lokaci. Ba wanda ya je ƙofarsa, bai fito ba, makinsa ya ƙara faɗuwa. Haka abin ke ta juyawa. Wa wannan ya fi shafa? Ɗan haya mai yawan sauya gida, wanda adireshinsa na rajista ya tsufa. Mai zama a dogon bene da ke da ƙofar waje a kulle, wanda ɗan sa-kai ba zai iya shiga ba. Mai aikin dare. Kusan kashi 74 cikin 100 na iyalan fararen fata a gidan kansu suke zaune, na baƙaƙe kuwa wajen kashi 45 ne. Ryan Enos da Anthony Fowler da Lynn Vavreck sun sake nazarin gwaje-gwajen zaburar da masu zaɓe da dama, suka wallafa a 2014 cewa a jimlace aikin ya fi tasiri kan waɗanda dama suna kusa da fita, saboda haka yana iya faɗaɗa ratar da ke tsakanin masu fita da marasa fita. A ganina wannan ne bincike mafi nauyi a fagen gaba ɗaya, domin yana nuna cewa kamfe zai iya cika kowace ƙa'ida, ya tara alkaluma masu kyau, kuma ya bar mutanen da yake iƙirarin yana yi wa yaƙi a inda ya same su.

Lissafin takalmi

Me ya sa ake wahalar ma? A 1998 malamai biyu na Jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, sun yi gwaji a garin New Haven irin wanda ake yi wa sabon magani. Suka raba dubban masu rajista ba tare da son rai ba: wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka buga musu waya, wasu aka je har ƙofarsu, wasu aka ƙyale su. Bayan zaɓe aka duba rajista. Wayar da kamfanin haya ya buga ba ta tsinana komai ba, wasiƙa ta ɗan motsa kaɗan, amma ido da ido ya ƙara wajen mutum 8 a kowane 100 da aka samu aka yi magana da su. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun daidaita a kan ƙiyasin da ma'aikatan kamfe ke yawan ambata: ƙarin ƙuri'a ɗaya a kowace hira 14 ko 15. A zaɓen shugaban ƙasa, inda talabijin da rediyo ba su bar kowa cikin duhu ba, tasirin kan gaza haka.

A cikin gari, mai ƙwazo na taɓa ƙofa 15 zuwa 20 a awa. A ƙofa huɗu ko biyar, ɗaya ce za a buɗe kuma a samu wanda ake nema. Wato fitar awa uku, ƙofa 50, hira 10 zuwa 13, abin da bai cika kai ƙuri'a guda ba. Joe Biden ya ci Jojiya a 2020 da ratar ƙuri'a 11,779. A ninka da 14, hira kusan 165,000 ke nan; a ninka da 4, ƙwanƙwasawa 660,000. Wannan ya sa kamfen Barack Obama ya buɗe ofisoshi fiye da 700 a 2008, ya kuma ɗauki tsarin rukunin unguwa na Marshall Ganz, malami a Jami'ar Harvard: ma'aikaci ɗaya mai albashi ya horar da shugabannin sa-kai, kowannensu ya tara mutum biyar ko shida, wani ya riƙe fita gida-gida, wani waya, wani shigar da bayanai.

A bakin ƙofa akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. A ƙwanƙwasa, a ja baya taku biyu ko uku, hannaye a bayyane, don mai leƙe ta taga ya ga mutum gaba ɗayansa. A nemi wanda sunansa ke jeri da sunansa. Ba a shiga gida ko an yi tayi. Ba a sa takarda a akwatin wasiƙa, domin dokar tarayya ta keɓe shi ga gidan waya. A maƙala ta a marfin ƙofa. Lokacin da ya fi kamawa shi ne daga ƙarfe 4 na yamma zuwa faɗuwar rana a ranakun aiki, da hantsi zuwa yamma ranar Asabar, Lahadi kuma sai an taso daga coci. Bayan kowace ƙofa a danna sakamako nan take: ba ya nan, ya tashi, ya rasu, ya ƙi magana, ba hanyar shiga, ba ma jin yaren juna. In an yi hira, a ba shi lamba daga 1 zuwa 5, 1 namu ne tsantsa, 3 bai yanke ba, 5 nasu ne. Idan namu ne, tambayar "za ka fito?" ba ta wadatar ba, kowa zai ce e. Ana tambayarsa ƙarfe nawa zai je, daga gida ko daga wurin aiki, da mota ko a ƙafa, wa zai riƙe yara. David Nickerson da Todd Rogers sun gwada wannan ta waya a zaɓen fid da gwani na Fensilbaniya a 2008, suka ga ƙarin wajen mutum 4 a cikin 100 na waɗanda aka yi wa tambayoyin. Nickerson ɗin dai, a gwajin Denver da Minneapolis, ya ga cewa kusan kashi 60 cikin 100 na tasirin hirar kan tsallaka zuwa ga abokin zaman wanda ya buɗe ƙofa.

Wanda ke tsaye a waje

Dokar ƙasa tana bayan mai ƙwanƙwasawa. A 2002 Kotun Ƙoli ta soke dokar ƙauyen Stratton na jihar Ohayo da ta ce sai da izini za a bi gidaje da wa'azi ko siyasa. Amma hukuncin kotu ba ya tsayawa tare da mutum a farfajiyar wani. A watan Yulin 2018, Janelle Bynum, baƙar fata kuma 'yar majalisar jihar Oregon, tana bin gidaje a mazaɓarta tana rubutu a wayarta, wata mazauniyar unguwar ta kira 'yan sanda don ta zaci mai leƙen gidajen da za a yi wa sata ce. Wata guda bayan haka aka kira wa Shelia Stubbs 'yan sanda a Madison ta jihar Wiskonsin, bisa zargin cinikin ƙwaya, alhali tana tare da mahaifiyarta da ƙaramar 'yarta a mota, tana neman kujerar majalisar jiha. Dukansu sun ci zaɓensu, Bynum ma ta shiga majalisar wakilai ta tarayya a 2025. A watan Afrilun 2023 kuma wani dattijo farar fata a Kansas City ya harbi yaro baƙar fata ɗan shekara 16 da ya danna ƙararrawar gidansa bisa kuskure, ya zo ɗaukar ƙannensa. Yaron ba kamfe yake yi ba, amma duk uwar da ɗanta zai fita gida-gida ta san labarin.

Ofis mai hankali yana fitar da mutane biyu-biyu, ɗaya a kowane gefen layi, suna hangen juna. Yana sa musu riga ko katin wuya mai sunan kamfe, ya ba su lambar wanda zai ɗaga waya nan take, ya sanar da ofishin 'yan sandan yankin tun da safe, ya hana fita bayan magariba, ya ce a tsallake duk gidan da ya kafa allon hana shiga ko yake da kare a sake. Tambayar da ke da wuya ita ce rabon kaso. In aka ce baƙaƙe su tsaya unguwannin baƙaƙe don tsaronsu, an sake zana iyakar da ake ƙoƙarin gogewa, an kuma yanke wa babban mutum hukunci a bayan idonsa. In aka rufe ido aka tura kowa ko'ina, an jefa wani cikin haɗarin da mai rabon ba zai taɓa fuskanta ba. Abin da ya dace shi ne a faɗa wa ɗan sa-kai gaskiyar unguwar, har da abin da ya faru da waɗanda suka je kafin shi, a bar masa zaɓi, kuma in ya dawo da kasonsa rabi a karɓa ba tare da tuhuma ba.

Ɗaya gefen ma yana da nasa cikas. Duk shekarar zaɓe motoci na kwaso 'yan sa-kai daga jihohin da sakamakonsu sananne ne, kamar Kalifoniya da New York, zuwa Filadelfiya, Atlanta ko Las Vegas. Enos da Eitan Hersh sun bincika ma'aikatan kamfen Obama na 2012, suka tarar sun fi mutanen da suke zuwa wurinsu yawan fararen fata, yawan masu digiri, da zafin aƙida. Baƙon farar fata riƙe da allon rubutu a ƙofar gidan haya a unguwar talakawa, abin da ke fara zuwa zuciyar ɗan hayar shi ne ɗan sanda, wakilin mai gida da takardar tashi, ko mai karɓar bashi. A gidan 'yan Latin Amurka da ke da ɗan'uwa marar takardu, jami'in shige da fice. Ƙofar ba za ta buɗu ba, manhaja kuma ta rubuta "ba ya nan". Lisa García Bedolla da Melissa Michelson, waɗanda suka jagoranci gwaje-gwaje fiye da 200 a unguwannin Kalifoniya tsakanin 2006 da 2008, sun nuna cewa mutanen da kamfe ke yi wa kallon ba sa fita suna fita in an je musu yadda ya kamata, musamman in aka sake tuntuɓar wanda ya yi alkawari. Wani gwaji a Los Angeles ya nuna maƙwabci ya fi baƙo tasiri. Launi ɗaya yana taimakawa wajen buɗe ƙofa, amma wanda ya san cocin, ya san makarantar da aka rufe, ya san layin motar da aka soke, shi ake saurara. Wanda ya ga yadda rigakafin shan inna ya gudana a arewacin Najeriya ya san wannan: sai da aka sa matan unguwa da masu unguwanni a gaba kafin gidaje da yawa suka buɗe.

Ga dattawan baƙaƙe na kudu, wannan aiki yana da jini a tarihinsa. A 1964 baƙaƙen Misisipi da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Ɗalibai suka bazu gida-gida a bazarar shekarar suna roƙon mutane su je rajista, alhali mai zuwa na iya rasa aikinsa ko gonar da yake haya. Ranar 21 ga Yuni aka kashe uku daga cikin ma'aikatan, James Chaney, Andrew Goodman da Michael Schwerner, a gundumar Neshoba. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ta biyo baya, zuwa 1967 rajistar baƙaƙe a jihar ta kai wajen kashi 60. A 2013 Kotun Ƙoli ta karya sashen dokar da ke fayyace jihohin da dole su nemi amincewar tarayya kafin su sauya dokokin zaɓe. Tun daga nan wani babban kaso na hirar bakin ƙofa a kudu ya koma bayanin ƙa'ida: wane katin shaida ake karɓa, ina aka mayar da rumfarka, ka duba ko sunanka na nan a rajista, yaushe ake rufe kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe.

Abin da ake faɗa da abin da ake ɓoyewa

A 1982 magajin garin Los Angeles, Tom Bradley, baƙar fata, yana gaba a ƙuri'un jin ra'ayi na takarar gwamnan Kalifoniya, amma George Deukmejian ya kayar da shi da ratar da ba ta kai ƙuri'a 100,000 ba. A 1989 Douglas Wilder ya ci gwamnan Bajiniya da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, bayan an yi ta hasashen zai wuce da tazara. Daga nan aka yi ta cewa fararen fata na jin kunyar faɗa wa mai tambaya cewa ba za su zaɓi baƙi ba. Har yau ana gardama kan ko hakan ne ya kayar da Bradley. Daniel Hopkins ya bi takarun gwamna da sanata na shekaru da dama, ya ga alamar ratar ta wanzu zuwa farkon shekarun 1990 sannan ta dushe. A 2008 hasashe ya yi daidai: Obama ya samu kusan kashi 53, ya ci Indiyana da Bajiniya da Democrat ba ta ci ba tun 1964. Wannan bai nuna ƙiyayyar ta mutu ba. Kashi 43 na fararen fata ne suka zaɓe shi, kuma Seth Stephens-Davidowitz, da ya auna yawan neman kalmar zagin baƙaƙe a Google yanki-yanki, ya ƙiyasta cewa abin ya ci wa Obama wajen kashi 4. Masu ƙin sun daina ɓoyewa ne kawai, ko sun samu wani dalilin da za su faɗa.

A bakin ƙofa kuwa kunyar tana nan, don fuska da fuska ta fi waya nauyi. Mutum zai ce wa baƙar fatar da ke tsaye gabansa "ina tunani tukuna" don a rabu lafiya. Sabon ɗan sa-kai, mai kyakkyawan zato, ya danna 3 ko ma 2. Sati biyu bayan haka a sake tura wani, ranar zaɓe ma a je a tuna masa ya fita, ya fita ya zaɓi abokin hamayya. Maganinsa a bita ne: a koya wa mutane su ƙara tambaya ɗaya, "da yau ne zaɓen, ina za ka karkata?", su kuma rubuta abin da aka faɗa, ba abin da suka so ji ba.

In mutum ya fito fili ya ce shi ba zai zaɓi baƙi ba fa? A 2008 'yan ƙungiyoyin ƙwadago sun sha jin haka daga abokan aikinsu a garuruwan masana'antu. Richard Trumka, jigo a tarayyar ƙwadago ta AFL-CIO, ya tsaya gaban taron ma'aikatan ƙarafa a watan Yuli ya ce babu dalili mai kyau ko ɗaya da zai sa ma'aikaci ya ƙi Obama, dalili ɗaya ne mummuna, wato don ba farar fata ba ne, kuma bai kamata a kawar da kai ba. Maganar ta yi nauyi don daga bakin ɗan'uwansu ta fito. Baƙon da ke da minti uku ba shi da wannan matsayi. Joshua Kalla da David Broockman sun haɗa gwaje-gwaje 49 a 2018, suka ga cewa a babban zaɓe tsakanin jam'iyyun biyu, matsakaicin tasirin lallashin kamfe wajen sauya zaɓin mutum kusan sifili ne. Shi ya sa umarnin da ake bayarwa shi ne kada a yi musu, a yi godiya, a danna 5, a wuce.

Kalla da Broockman ɗin dai sun gwada wata hanya dabam, doguwar hira ta minti 10 zuwa 20. Mai ƙwanƙwasawa ya tambayi mutum inda ya tsaya daga 0 zuwa 10 kan wani batu, misali baƙin haure, ya saurara ba tare da gyara ba, ya tambaye shi ko ya san wani baƙo da kansa, ko ya taɓa shiga halin da ya buƙaci tausayin wani, shi ma ya ba da nasa labarin, a ƙarshe ya sake tambayar lambar. Sauyin ƙarami ne, amma ya kan daɗe watanni. Tsadarsa ita ce horo mai tsawo da hira huɗu ko biyar kacal a fita guda. Aikin shekarar da babu zaɓe ne, kuma ƙalilan ne ke ba da kuɗinsa.

Jojiya ta nuna abin da zaman dindindin ke iya yi. Ƙungiyoyin da Stacey Abrams, 'yar siyasar Democrat a jihar, ta assasa da wasu irinsu, da coci-coci masu kwasar jama'a zuwa rumfa bayan ibadar Lahadi, sun shafe shekaru suna rajistar waɗanda jerin jam'iyya ya watsar. A zagaye na biyu na zaɓen sanatocin jihar, ranar 5 ga Janairun 2021, fitar baƙaƙe ba ta ragu kamar ta farare ba, Raphael Warnock ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci jihar a Majalisar Dattawa, Jon Ossoff ma ya ci. Ba ƙofa kaɗai ta yi wannan ba. Atlanta ta cika da sababbin mazauna, Donald Trump kuma ya shafe makonni yana gaya wa magoya bayansa cewa zaɓen jihar na maguɗi ne.

Sai 2024 ta zo da darasin da ya fi ɗaci ga masu lissafi da launi. Kamfen Kamala Harris ya fi na Trump ofisoshi da 'yan sa-kai nesa ba kusa ba. Trump ya miƙa yawancin aikin ga ƙungiyoyin waje, musamman America PAC ta Elon Musk, masu biyan 'yan kwangila, har jaridu suka ruwaito cewa na'urar bin sawu ta nuna an danna gidaje da yawa a Arizona da Nebada ba tare da an je ba, cutar da ke bin duk aikin da ake biya bisa yawan ƙofa. Duk da haka Harris ta faɗi a jihohi bakwai ɗin da ake kankankan. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta Trump ya samu kashi 48 na 'yan Latin Amurka da kashi 15 na baƙaƙe, daga kashi 8 a 2020. Gundumar Starr ta Teksas, wadda kusan kowa a cikinta ɗan Latin ne, ta zaɓi Republican karon farko tun 1892. A Dearborn ta Mishigan, cibiyar Larabawan Amurka, Trump ya zo na ɗaya, Jill Stein ta jam'iyyar Green ta kwashi kusan kashi 18, saboda yaƙin Gaza. Kuma an yi gargaɗi tun Fabrairu, lokacin da fiye da mutum 100,000 suka kaɗa ƙuri'ar "ba mu tsayar da kowa ba" a zaɓen fid da gwanin Democrat na jihar. Wanda aka sa a jerin zaburarwa saboda sunansa ko unguwarsa, ba wanda ya je lallashinsa, don kwamfuta ta ce namu ne. An zo masa sati biyun ƙarshe da tambayar ƙarfe nawa zai fita, shi kuwa abin da ke ransa kuɗin haya ne da farashin kayan abinci, ga kuma tsohon ƙorafin da ake ji daga Detroit har Milwaukee, cewa sai zaɓe ya matso ake tunawa da su.

Kalmar "baƙar fata" kanta ta ƙunshi mutanen da tarihinsu ya bambanta. Wajen 1 cikin 10 na baƙaƙen Amurka a wata ƙasa aka haife su. Direban tasi Bahaushe daga Kumasi ko Yamai da ke zaune a Bronx ta New York, wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa shekara biyar da suka wuce, maki ɗaya kwamfuta za ta iya ba shi da jikan manoman auduga na Alabama. Takardar da aka rubuta don coci ba za ta yi masa magana ba, a ƙwanƙwasa masa da azahar ɗin Juma'a kuma ba a same shi ba, a rubuta ba ya nan. Kamfen Zohran Mamdani na magajin garin New York a 2025 ya bi masallatai da shaguna da harsuna da dama, ya kuma ce ya taɓa ƙofa fiye da miliyan ɗaya kafin zaɓen fid da gwani na Yuni. Duk da haka a wancan zagayen unguwannin baƙaƙe da yawa Andrew Cuomo, tsohon gwamnan jihar, suka bi, sunan da suka sani shekara da shekaru. Sai da aka ƙara wata huɗu ana komawa coci-coci da ƙofofin kafin akasarinsu suka juyo gare shi a watan Nuwamba.